Komai Nisan Jifa: Tambayar Yahaya Annahawi da Makarantunmu

Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Karin maganar ta yanke hukunci a kan makomar dutse, amma ta bar wata tambaya wadda ta fi wuya: tsakanin lokacin da dutsen ya rabu da hannu da lokacin da ya taɓa ƙasa, mene ne yake tura shi? Hannun da ya yi jifan ya riga ya koma gefen mai shi, babu igiya, babu fiffike, ga dutse kuwa yana keta iska taki hamsin ko sittin. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai, daga Filinge har Sanam, ya san tsaron tsuntsu idan hatsi ya fara nuna, ya san yadda ake juya majajjawa bisa kai a saki hoge cikin garken jan-baki. Sai dai ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su yi wa kansu wannan tambaya. Masana kuwa sun shafe shekara kusan dubu biyu suna gardama a kanta, daga Atina zuwa Iskandariyya, daga Bagadaza zuwa Andalus da Paris, kuma wani reshe na gardamar ya miƙo har cikin zaurukan malamanmu.

Ni malamin harshe ne, Faransanci da Hausa nake koyarwa, saboda haka mai karatu na iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Dalilina shi ne: a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Tun daga lokacin nake jin wasu abokan aiki na cewa Hausa ta waƙa ce da tatsuniya da wa'azi, ba ta da ƙashin ɗaukar kimiyya. Ɗalibanmu su ma sun ɗauka cewa ilimin motsin abubuwa a Turai aka haife shi, rana ɗaya, a hannun Galile da Niyuton, sa'an nan ya iso mana cikin littattafan lakwal. Waɗannan ra'ayoyi biyu tushensu ɗaya ne, wato rashin sanin hanyar da ilimin ya biyo. Wanda ya san hanyar zai ga cewa ilimin ya sauya harshe sau da yawa, daga Girkanci zuwa Siriyanci da Larabci, daga Larabci zuwa Latin, daga Latin zuwa harsunan Turai na yau, kuma kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya ƙera kalmomin da ba shi da su kafin ya ɗauki kayan.

Sai mu fara da Aristo, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata gare shi. Larabawa sun yi masa laƙabi da Malamin Farko. A karantarwarsa, duk abin da ke ƙarƙashin wata daga abu huɗu aka haɗa shi: ƙasa, ruwa, iska da wuta. Kowanne yana da mazauninsa na asali, can kuma yake neman komawa: dutse ƙasa yake yi, hayaƙi sama. Wannan shi ne motsin ɗabi'a. Akwai kuma motsin tilas, wanda ba ya aukuwa sai da mai turawa ko mai ja, kuma dole mai turawar ya kasance manne da abin da yake turawa. Ya ƙara da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa gwargwadon nauyinsa, kuma saurin yana raguwa gwargwadon kaurin abin da ake ratsawa, ruwa ne ko iska. Daga nan ya kafa hujja cewa wuri fayau, wanda babu ko iska a cikinsa, ba shi yiwuwa, domin a can gudu ba zai yi iyaka ba. Sammai kuwa, in ji shi, daga wani abu na biyar aka yi su, wanda ba ya tsufa ba ya sauyawa, kuma kewayarsu ba ta da farko ba ta da ƙarshe.

Kada mu yi gaggawar yi wa wannan karantarwa dariya, domin kuwa da abin da ido ke gani aka gina ta. Amalanke na tafiya muddin jaki na ja, jaki ya tsaya ta tsaya. Guga ba ya hawowa daga rijiya sai da igiya da mai ja, a saki igiya ya koma inda ya fito. Taɓarya ba ta ɗaga kanta. Manomin Kurfai da bai taɓa jin sunan Aristo ba zai sa hannu a kan mafi yawan abin da ya faɗa, kuma wannan ne ya sa karantarwar ta yi ƙarko har ƙarnoni. Wuri ɗaya ne ƙaya ta soke ta, wato jifa. Idan motsin tilas ba ya yiwuwa sai da mai turawa manne da abin, to wa ke manne da kibiya bayan ta bar tsirkiya? Magabata sun kawo amsa biyu. Ta farko, iskar da kibiya ta ture a gaba ce take zagayowa baya ta cike gurbi, ta ingiza kibiyar. Ta biyu, wadda Aristo ya fi rinjaya gare ta, ita ce maharbi yana ba iskar da ke kusa ikon turawa, ita kuma ta miƙa wa ta gabanta, haka haka ikon yana raguwa har ya mutu. A duka biyun dai iska ce mai aikin.

Mutumin da ya tsaya ya warware wannan ƙulli daki-daki shi ne Yahaya Filofonus, Kirista mutumin Iskandariyya ta Masar, wanda aka haifa wajen 490 ya rasu wajen 570 Miladiyya. Da kansa yake kiran kansa mai nahawu, shi ya sa littattafan Larabci suka san shi da Yahaya Annahawi. Ba zan ɓoye ba, wannan laƙabi yana faranta mini rai, tun da yake sana'armu ɗaya. Ya yi karatu a gaban Ammoniyus, shugaban makarantar falsafa ta birnin, kuma aikinsa na farko shi ne sharhin littattafan Aristo layi bayan layi, kamar yadda malamin zaure ke fassara wa almajiri. A cikin sharhinsa na littafin ɗabi'a, wanda ke ɗauke da kwanan shekara ta 517, ya yi bayanin maganar malamin da aminci, sa'an nan ya buɗe babi ya ce shi bai gamsu ba.

Ga yadda hujjarsa take, in na mai da ita cikin kayan gidanmu. Game da amsa ta farko, yaya iskar da aka ture gaba za ta juyo baya, ta sake juyowa, ta dace daidai da gindin kibiya ba tare da ta watse ba, sai ka ce an ba ta umarni? Game da ta biyu, in dai iska ce mai turawa, mene ne amfanin tsirkiya ta taɓa kibiya, ko hannu ya taɓa dutse? A ɗora kibiya a kan tsinin sanda, a tara maƙeran gari duka da zugazugansu a bayanta, su yi ta zuga har su gaji. Iyaka kibiyar ta faɗo kusa da sandar, ba za ta kai inda bakan yaro ke kai ta ba. Saboda haka, in ji Yahaya, mai jifa ne yake zuba wani ƙarfi marar jiki a cikin abin da ya jefa, ƙarfin nan ne yake tafe da shi, yana raguwa har ya ƙare. Na baya sun kwatanta shi da zafin da ke saura a ƙarfe bayan an cire shi daga wuta. Iska kuwa, maimakon taimako, tirjiya take yi, kuma da babu ita da jifa ya fi nisa.

Bai tsaya nan ba, sai da ya taɓa batun faɗuwa. Ya ce a saki abu biyu daga wuri ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau da yawa, za a ga bambancin lokacin isarsu ƙasa ɗan kaɗan ne, bai bi lissafin nauyinsu ba. Ya faɗi wannan shekara fiye da dubu kafin Galile. A ma'aunin yau, dutsen da aka saki daga tsawon mita 20 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa 2 ko kusa da haka. Da lissafin Aristo gaskiya ne, da wanda ya ninka shi nauyi sau 10 ya isa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, abin da ba wanda ya taɓa gani. Abin da ke ruɗin ido shi ne ganye da gashin tsuntsu, waɗanda iska ke riƙewa. Matanmu masu sheƙa da wannan sirri suke aiki kullum: iska ce ke raba hatsi da ƙaiƙayi, shi ya sa ranar da iska ta kwanta sheƙa ba ta kyau. A watan Agusta na 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho tare, suka taɓa ƙasa tare.

Daga ƙasa Yahaya ya ɗaga kai sama. A 529, shekarar da sarkin Rum Justiniyan ya hana karantar da falsafar maguzawa a Atina, ya rubuta raddi ga Furokulus a kan cewa duniya ba ta da farko, bayan ƴan shekaru kuma ya rubuta wani ga Aristo kansa. Ya musa abu na biyar, ya ce taurari da rana wuta ce, kuma bambancin launinsu shaida ne cewa makamashinsu ya bambanta, kamar yadda wutar kara da ta gawayi da ta fitila ba su zama launi ɗaya ba. Sa'an nan ya ɗauki makamin Aristo ya sare shi da shi. Aristo ya yarda cewa abin da ba shi da iyaka ba a ƙetare shi. To in duniya ba ta da farko, kwanaki marasa iyaka ke nan suka shuɗe kafin yau, yaya aka yi aka ƙetare su har aka iso yau? Bugu da ƙari, Zuhal na yin kewaye ɗaya cikin shekara 30, Mushtari cikin 12, wata kuwa ya yi fiye da 360 kafin Zuhal ya yi ɗaya. In duk ba su da farko, sai ya zama wani rashin iyaka ya ninka wani, abin da Aristo bai yarda da shi ba.

Irin wannan magana ba ta jawo wa mai ita farin jini. Wani masanin zamaninsa, Simfilisiyus, ya yi masa ruwan zagi, yana raina shi da cewa mai nahawu ne ya kutsa fagen da ba nasa ba. Amma garin raddi sai ya kwafo dogayen sassa na littafin, kuma da littafin ya ɓace, ta hannunsa aka san mafi yawan abin da ke ciki. Hassada ga mai rabo taki ce. Ta wajen mutanen addininsa ma bai tsira ba, domin a 681 taron manyan limaman Kirista a Kustantiniyya ya la'anci ra'ayinsa a kan wata mas'ala ta aƙidarsu, shekara fiye da ɗari bayan mutuwarsa. Wannan na cikin abin da ya sa sunansa ya dushe a ƙasashen Kirista tsawon ƙarnoni.

A duniyar Musulmi ne ya sami masauki. Is'haƙu ɗan Hunainu, wanda ya rasu wajen 910, ya fassara littafin ɗabi'a na Aristo zuwa Larabci a Bagadaza, kuma malaman birnin suna karanta shi tare da bayanan Yahaya a gefe. Ibn Nadim ya kawo sunansa da littattafansa cikin Fihrist wajen 987. Har labari ya bazu cewa ya gana da Amru ɗan Asi lokacin da aka buɗe Iskandariyya wajen 642, alhali ya rasu shekara kusan saba'in kafin nan, sai dai labarin ya nuna girman da ake ba shi. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta masa raddi don kare Aristo. Wajen shekara ta 1000 Biruni, yana saurayi, ya aika wa Ibn Sina tambayoyi masu ƙaya a kan sammai, Ibn Sina ya zarge shi da ɗaukowa daga Yahaya Annahawi.

Shi kansa Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, bai bi Aristo ba a kan jifa. A cikin Kitabus Shifa ya ce mai jifa yana sanya wa dutse wani abu da ya kira maili, wato karkata, kuma ya wuce Yahaya da taki ɗaya mai girma: karkatar ba ta ƙarewa da kanta, tirjiyar iska da nauyin abin ne ke cinye ta, kuma da akwai wuri fayau da motsin bai tsaya ba. Shi dai bai yarda akwai irin wannan wuri ba, amma ya tsaya a bakin ƙofar gaskiya. Abul Barakat na Bagadaza, wanda ya rasu wajen 1165, ya bayyana ƙaruwar saurin abu mai faɗuwa da cewa karkata ce ke taruwa kan karkata. A Andalus, Ibn Bajja mutumin Sarakusa, wanda ya rasu a Fas wajen 1139, ya ce abin da ake ratsawa ragi kawai yake yi wa gudu. Ibn Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya kawo maganarsa don ya rushe ta, aka fassara raddin zuwa Latin, malaman Turai suka karanta, wasunsu suka ga wanda ake yi wa raddin ya fi gaskiya.

A ƙarni na 14 Jean Buridan, malami a jami'ar Paris, ya ba wannan ƙarfi sunan da ya shahara da shi a Latin, wato impetus. Cikin misalansa akwai dutsen niƙa mai juyawa, wanda ke ci gaba da juyi bayan an janye hannu. Mu ga namu misalin a hannun tsohuwa mai kaɗi: ta murza mazari ta saki, yana ta juyi a wuri ɗaya, ba ya barin gurbi a baya balle iska ta cike, to wace iska ce ke tura shi? A 1535 aka buga sharhin Yahaya da Girkanci a Benis, kuma Galile ya ambaci sunansa cikin rubutunsa na ƙuruciya a kan motsi, wajen 1590. A 1687 Niyuton ya rufe babin da wata amsa dabam: abu mai tafiya ba ya bukatar komai ya tura shi, haka zai ci gaba a miƙe da gudu ɗaya har sai wani ƙarfi daga waje ya sauya shi. Abin da ke bukatar dalili shi ne tsayawa, da lanƙwasa, da ƙarin gudu ko raginsa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 ya wuce duk duniyoyin da ke kewaya rana, kuma ba zai dawo ba. Ga jifan da ya ƙi faɗowa.

To ina ruwan ƙasar Hausa a cikin wannan labari? Mu shiga zaure. Cikin littattafan tauhidi da suka fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma akwai Ummul Barahin na Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, malamin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, ba Sanusin ɗarika na ƙarni na 19 ba. Daga koyarwarsa almajirai ke haddace siffofi ashirin. Hujjar da littafin ya kafa a kan cewa duniya fararriya ce, da motsi da tsayuwa aka gina ta: kowane jirmi ba ya rabuwa da ɗayan biyun, kowannensu kuma ana ganin zuwansa da gushewarsa, abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa shi ma fararre ne. Malaman ilimin kalam sun lura cewa hujjar ba ta cika sai an toshe wata kafa, wato kada wani ya ce motsi na bin motsi tun ba farko. Da suka zo toshe ta, sai suka yi aiki da dalilan rashin ƙetare abin da ba shi da iyaka. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo lissafin kewayar Zuhal da Mushtari da rana cikin raddinsa ga masu falsafa. A 1969 wani manazarci mai suna Herbert Davidson ya bi sawun waɗannan dalilai har zuwa Yahaya Annahawi. Ashe almajirin da ke durƙushe gaban malaminsa a Sakkwato ko Katsina ko Filinge yana riƙe da bakin zaren da ɗaya bakinsa ke Iskandariyya.

Akwai kuma waɗanda suka zurfafa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da Abdulkarim, ya haɗu a Masenya ta Bagarmi a 1852 da wani Bafillace makaho, Faki Sambo, wanda ya yi karatu a Masar kuma ya san sassan Aristo da Aflatun da aka fassara zuwa Larabci. A 1853 ya gana a ƙasar Sakkwato da Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, ya kuma shaida cewa babu wanda ya fi shi ilimi cikin tsararsa a can. Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen ƴarsa Hadiza, an haife shi a 1804 ya rasu a 1864, kuma ya koyar a Salame. Ban da tarihi da sufanci, ya yi rubutu a kan falsafa, inda ya tattauna asalin abu da surarsa, da motsi da tsayuwa, da ra'ayoyin masana ɗabi'a. Irin waɗannan rubuce-rubucen hannu suna nan a ɗakunan ajiya na Sakkwato da Zariya da Kano, kuma a Yamai ma akwai dubbai a cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Abdu Mumuni, inda tarin marigayi Bubu Hama ya zama harsashi.

Wannan tarihi ba na tinƙaho ba ne, kuma wajibi ne mu faɗa wa ɗalibai gaskiya: ƙarfin nan da Yahaya ya ce ana zubawa cikin dutse, babu shi. Ya yi daidai da ya wanke iska daga aikin turawa, ya yi daidai a kan faɗuwa, amma amsarsa matakala ce da aka taka aka wuce. Abin lura ga malami shi ne ɗalibansa a kan wannan matakala suke tsaye. A 1979 wata malamar kimiyya a Paris, Laurence Viennot, ta wallafa binciken da ya nuna cewa ɗalibai da yawa, har na jami'a, suna ɗauka akwai wani ƙarfi cikin abin da aka jefa wanda ke tafe da shi, ko da sun haddace dokokin Niyuton. Harshenmu ma haka yake tunani, domin idan dutse ya fara sunkuyowa cewa muke yi ƙarfinsa ya ƙare. Yaron da ya faɗi haka a aji ba wawa ba ne, ra'ayin Yahaya da Buridan ya faɗa. In aka ja masa jan layi kawai, zai haddace dokar don jarrabawa ya ɓoye ra'ayinsa a zuci. In kuwa aka ce masa manyan masana sun riga shi faɗin haka, ga kuma inda maganar ta karye, to an ba shi hanyar fita da mutuncinsa.

Saboda haka ina da roƙo uku ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyinmu na al'adu. Na farko, a gwada. Tun wajen 2019 rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a yankin Abala da Filinge, kuma yara da yawa sun yi karatu a rumfunan kara nesa da garuruwansu. Wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji: dutse babba da ƙarami, da wuri mai tsawo, da idanun yara sun isa, sai a ƙara da takarda a buɗe da takarda a dunƙule don a ga aikin iska. Na biyu, a tattara kalmomi daga bakin masu su kafin a ƙirƙiro sabbi. Harshen da ya bambanta jefawa da wurgawa da cillawa da harbawa, ya bambanta gangara da mirgina da zamewa da sulɓewa, ba matalaucin harshe ba ne a fagen motsi. Maharba da maƙera da masu haƙar rijiya da masu kaɗi suna da nasu, malaman zaure suna da jirmi da arali da maili. Inda aka rasa sai a ƙera, kamar yadda Is'haƙu ɗan Hunainu ya yi wa Larabci. Ni dai ina ganin kalmar naci za ta iya ɗaukar ma'anar dokar Niyuton ta farko, wato halin abu na lizimtar tafiyarsa ko zamansa, tirjiya kuma ta ɗauki aikin iska, amma malaman kimiyya ne za su auna su gani. Na uku, malamin lakwal da malamin zaure su zauna tabarma ɗaya a kan wannan babi, tun da yake kowannensu yana riƙe da rabin labarin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ladabin saɓani da ke cikin wannan silsila. An tarbiyyantar da mu a kan girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai sau da yawa muna haɗa girmamawa da rufe baki, a zaure da a aji duka. Yahaya bai saɓa wa Aristo ba sai da ya karance shi layi layi, ya iya faɗin maganarsa fiye da masu kare shi. Ibn Sina ya gyara Yahaya, Buridan ya ƙara gaba, Niyuton ya gyara su duka, kuma babu ɗayansu da ya isa inda ya isa ba tare da na gabansa ba. Waɗanda suka zage su kuwa, kwafe musu littattafai suka ƙare da yi. Idan yarinya a ajin sakandare a Sanam ta ɗaga hannu ta ce, Malam, in babu mai tura dutsen, me ya sa bai faɗi nan take ba, to ranar nan an yi karatu, ko da ba a gama darasin da ke cikin tsari ba. Haƙƙinta ne ta sami amsa cikin harshen da ta yi tunanin da shi, haƙƙinmu ne mu tanadi kalmomin amsar. Allah ya ba mu ikon saukewa.